Tashar Bakin Ruwa Ita Ce Filin Jirgin Mutanen Gungu

A arewacin ƙasar Sikotland akwai wani ɗan tsibiri mai suna Papa Westray, mutanensa ba su kai 100 ba. Duk da haka suna da ɗan filin jirgin sama wanda ƙaramar hukumarsu ke lura da shi. Tun shekarar 1967 wani ƙaramin jirgi mai ɗaukar fasinja 8 yake haɗa su da tsibirin Westray, tafiyar da ba ta wuce minti 2 ba. Amma kome gajartar tafiyar, sai an san yawan fasinja, an auna kaya, an duba yanayin sama kafin jirgi ya tashi. In kujeru sun cika, na tara sai ya jira.

'Yan'uwa masu karatu, mu ma muna da mutanen tsibiri. Gungawa, waɗanda suke kiran kansu Reshe, sun daɗe zaune a gungunan Kwara a ƙasar Yauri, suna su, suna noman albasa. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungu da yawa har da tsohon garin Busa, aka tashi mutane wajen 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Har yau a Yauri da Ngaski da Shanga akwai ƙauyukan da kasuwa da asibiti suke ƙetaren ruwa. Babban filin jirgin sama na jihar Kebbi yana can Birnin Kebbi. Filin jirgin waɗannan bayin Allah kuwa shi ne tashar bakin ruwa, jirginsu kuma kwalekwale mai inji.

To, yaya muke riƙe da wannan tasha? Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutane fiye da 150, mata da yara a cikinsu. Jirgin ya tsage a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka tsira.

Dalilan irin wannan hatsari ba ɓoyayyu ba ne. Akan ɗora buhunan hatsi da babura, sa'an nan a cusa mutane a kai. Katakon jirgi yakan tsufa ba a sāke shi ba. Kututturan itatuwan da tafki ya rufe suna nan ƙarƙashin ruwa, ba mai ganinsu da dare. Da damina kuma hadari kan taso farat ɗaya.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Amma doka ba ta da ƙafar zuwa kowace tasha. Abin da ake yi a wancan ɗan tsibiri bai fi ƙarfinmu ba: littafin rubuta sunayen fasinja, alamar fenti a jikin jirgi mai nuna iyakar kaya, da mutum ɗaya mai ikon cewa jirgi ya cika. Sarkin ruwa da ƙungiyar masu jirage suna iya tsayawa a kan wannan tun daga ranar kasuwa mai zuwa.

Mu fasinja kuma namu shi ne haƙuri. In jirgi ya cika, mu jira na baya. Gara a rasa cinikin safe da a rasa mai gida. Allah ya kiyaye matafiyanmu.