Masu Tsagar Dakwara

Sana'ar ƙaro tana farawa ne bayan manomi ya kai amfanin gona gida. Da ruwa ya ɗauke, ganyen dakwara ya soma zuba, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sai masu tsaga su nufi daji a Yobe da Borno da Jigawa, kowa da ɗan gatarinsa. Aiki ne mai son taushin hannu. Ana ɗan saran reshe ne a ɗaye ɓawo siriri, ba tare da an taɓa itacen ciki ba. Wanda ya zurfafa sara ya ji wa bishiya ciwo, baɗi kuwa sai dai ya ga ƙaro a buhun wani. Ga ƙaya uku-uku a jikin reshe, ta tsakiya mai ƙugiya, shi ya sa hannun mai tsaga ba ya rabo da tabo.

Daga nan sai haƙuri. Sai bayan mako 4 zuwa 6 ake tsintar farko, lokacin da ruwan da bishiyar ta tsatso ya daskare dunƙule-dunƙule, wani ya kai ƙwan kurciya. Gwani da hannu yake ɓamɓara, ba ya bari ya faɗi ƙasa ya kwashi yashi, kuma a inuwa yake shanya. Na dakwara shi ne lamba ɗaya, wanda mutanen Sudan ke kira hashab. Na dushe, wato talha, shi ne lamba biyu. Sudan ce kan gaba a duniya, Cadi da Najeriya suna biye, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sa masu saye suka waiwayo mu.

A gida mun san ƙaro a tawadar allo da wankin hula. A waje yana shiga lemon kwalba da alewa da ƙwayar magani, da lambar E414, kuma kamfanonin Faransa irin su Nexira ne ke tace kaso mai yawa. Abin da ya fi burge ni shi ne inda masana sinadarai suka kai shi. Ƙaro ba ya ɗaukar lantarki, kuma ruwa na narkar da shi, don haka sai su sarrafa shi, su ɗaure shi da sinadarin da ke ɗaukar lantarki ko ƙananan ƙwayoyin zinariya, su shafa a kan ɗan sandan kabon. Idan aka tsoma a ruwa mai finol, gubar da ke fita daga matatun mai da masana'antun jima da rini, lantarkin da ke gudana zai ƙaru daidai da yawan gubar. Duk wanda ya san ruwan da ke fita daga Sharaɗa da Challawa a Kano ya san muna da bukatar irin wannan ma'auni.

Amma gaurayayyen ƙaro cikas ne ga binciken. Dillalin da ke cuɗa lamba ɗaya da lamba biyu don buhu ya yi nauyi, gumin mai tsaga yake zubarwa, yana kuma karya darajar kayanmu. Cibiyar Binciken Roba ta Najeriya tana da reshen ƙaro a Gashuwa. Ya kamata jami'o'inmu su haɗa hannu da ita, 'yan kasuwa kuma su biya mai tsaga kuɗin tsabtar kayansa tun daga bakin daji.