Cinikin da na'urori ke yi kafin kira ya isa Dogon Dutsi

Ɗan ci-rani a Legas ya kira mahaifiyarsa a Dogon Dutsi, jihar Dosso, murya kawai yake jira. Amma a cibiyoyin kamfanonin waya da dama, sai na'urar da ke ɗaukar murya da mai ba ta umarni sun daidaita kan siga ɗaya ta ƙa'idar H.248, wadda ta fito a 2000, aka sabunta ta a 2002 da 2005.

Duk lokacin da mai ɗaukar muryar ta sake tashi, misali bayan ɗaukewar wuta, takan faɗi sigar da ta iya. Idan mai umarnin tsohuwar siga ta sani, sai ta taya ƙasa, ɗayar ta sallama. In cinikin bai faɗa ba, kira ba zai bi ta nan ba, ko da rezo ya cika a wayar gyatuma.