Shin Ko Kun San? Yadda Kanawan Da Suka Shirya Wa Yaƙi

Mazauna Darmanawa, Gyadi-Gyadi da Tarauni sukan bi ta Ƙofar Ɗan Agundi ko Ƙofar Nassarawa in za su shiga gari. A zamanin yaƙe-yaƙe, duk wanda ke zaune bayan badala kamar mu, waɗannan ƙofofi ne mafakarsa in an buga kuge. Ga kaɗan daga cikin yadda magabata suka tsare birnin nan.

Shin ko kun san Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara gina ganuwar Kano? Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki (1618-1623) ya ƙara mata ta ɓangaren Ƙofar Kabuga. An bar gonaki da kududdufai a cikinta da gangan, domin ko abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya, kada yunwa ko ƙishirwa su sa a buɗe ƙofa.

Shin ko kun san, bisa ga kundin tarihin sarakunan Kano, Sarki Kanajeji (1390-1410) ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke? Lifidi tufa ce mai kauri da ake cusa wa auduga, a lulluɓe doki da mahayinsa don kada kibiya ta ratsa. Sai dai yana da nauyi, kuma yana tsoron wuta, shi ya sa 'yan baka kan harbo kibiya mai wuta don su tarwatsa sahun 'yan lifidi.

Shin ko kun san Rumfa ne ya fara fita yaƙi da dawakin zage? Dawakai ne da ake ja ba kowa a kansu, in na sarki ya gaji ko ya ji rauni sai ya sauya nan take. A zamaninsa Kano ta yi shekara 11 tana yaƙi da Katsina. Kutumbi (1623-1648) kuwa, dawakin zage 100 ke biye da shi, ganguna 40 da kakaki 25 suna gaba, ko yaƙi za shi ko hawan Sallah.

Shin ko kun san rayuwar yau da kullum ita ce makarantar mayaƙa? Yaro yakan taso da kokawa a dandali, ya saba da juriya. Farautar rani ta koya masa harbi, bin sawu da tafiyar dare cikin daji. 'Ya'yan sarauta da bayin sarki sukan fara hawa tun suna ƙanana, su yi ta sukuwa har su iya juya doki da linzami yana tsakar gudu, hannu ɗaya riƙe da mashi. Jahi da kuke gani a Hawan Daushe, inda barade ke sheƙowa a guje su ja birki gaban sarki, gwajin wannan ƙwarewa ne da kuma mubaya'a.

Shin ko kun san runduna tana da tsari, kowa da matsayinsa? Madaki ne jagoran mahaya, Sarkin Baka ke kula da maharba, hakimai kuma kowa ya zo da dawakansa da dakarunsa. 'Yan leƙen asiri ke gaba, dakaru masu garkuwa da 'yan baka su buɗe fage, sannan mahaya su auka. Akan shafa wa kibiya dafin kwankwani, ta yadda ƙwarzane kaɗan ya isa. Galibi da rani ake fita, bayan an kwashe amfanin gona kuma rafuka sun janye.

Shin ko kun san ganuwa ba ta hana Kwararrafa shiga Kano ba? A zamanin Sarki Dadi (1670-1703) sun kutso ta Ƙofar Gadon Ƙaya, suka yi ɓarna mai yawa. Magajinsa Muhammadu Sharefa (1703-1731), bayan ya sha kashi a hannun Zamfarawa, ya gina wa Gaya, Takai, Gano da Dawaki ganuwa, domin a tare maƙiyi tun daga nesa.

Shin ko kun san bindiga ta makara kafin ta iso Kano? A 1591 sojojin Maroko suka karya daular Songhai da ita a Tondibi, kuma a ƙarshen wannan ƙarni Mai Idris Alooma na Borno yana da 'yan bindiga da Turkawa suka horar. Kano kuwa, sai zamanin Kumbari (1731-1743) aka kawo bindigogi da garkuwoyi daga Nufe. Babba Zaki (1768-1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Ɗura ta na ɗaukar lokaci, albarushi na da tsada, don haka doki da baka suka ci gaba da mulkin fagen fama.

Shin ko kun san kayan yaƙi kaɗai ba sa kawo nasara? A Tafkin Kwatto, 1804, jama'ar Shehu Usmanu, mafi yawansu 'yan baka a ƙasa, suka fatattaki mahayan Yunfa Sarkin Gobir. A Ɗan Yahaya ma rundunar Sarkin Kano Alwali, duk da tarin dawakanta, ta watse a hannun masu jihadi.

Shin ko kun san a Disamba 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da aka gada? 'Yan lifidi, 'yan sulke da 'yan bindigar da ke wucewa a Hawan Nassarawa su ne ragowar rundunar Kanawan da.

Iyaye da malaman makarantunmu, ku kai yara Gidan Makama su ga waɗannan kaya da idonsu. Mu kuma daina ɗibar ƙasar badala da zuba mata shara, domin da gumin kakanninmu aka gina ta, kuma haƙƙin tsare ta yana wuyanmu.