Fitilar Kashe Ƙwayoyin Cuta A Injin Wankin Kwanuka

Tun cikin shekarar 1877 wasu masana biyu na Ingila, Downes da Blunt, suka tabbatar da cewa hasken rana yana hana ƙwayoyin cuta hayayyafa. Asirin yana cikin wani haske wanda ido ba ya gani, watau ultrabayolet. Yanzu wasu masu ƙera injin wankin kwanuka suna sanya fitilarsa a ciki.

To, amma mai saye ya lura. Hasken nan ba ya ratsa maiƙo ko ragowar abinci, kuma duk inda inuwar wani kwano ta rufe, ƙwayoyin cuta suna nan daram. Don haka ƙa'idar Amurka ta dogara ga ruwan ɗauraya mai zafin kimanin digiri 66 na Salshiyas. Fitilar taimako kawai take yi, sabulu da ruwan zafi su ne ginshiƙin tsabta.