Yaushe Za Ki Iya Barin Yaro Shi Kaɗai a Gida?

Uwa, za ki kasuwa ko gona, abokiyar zama ba ta nan, kaka tana ƙauye. Sai ki dubi ɗanki ki ce ai ya girma. Dakata tukuna. Tsawo dabam, hankali dabam.

Yaron da bai kai shekara 7 ba, kada ki bar shi ko na ɗan lokaci. Daga 8 zuwa 11 yana iya zama awa ɗaya da rana, in akwai maƙwabciya da ta san kin fita. Da dare kuwa, a'a.

Amma shekaru kaɗai ba su isa ba. Ki gwada shi. Tambaye shi: in zanen gado ya kama wuta, me za ka yi? In baƙo ya yi sallama ya ce Baba ne ya aiko shi fa? In ya ce zai fita ya kira babba, madalla. In ya ce zai kashe wutar da kansa, ko ya yi shiru, lokaci bai yi ba. Ki fara da minti 15, ki dawo ki ga abin da ya yi.

Zama shi kaɗai abu ɗaya ne, renon ƙane wani abu ne. Nan ne aka fi yin kuskure. Yarinya 'yar shekara 9 ta iya goyo, gaskiya ne, amma da ƙawaye sun kira ta wasa, ta manta. Mai rarrafe kuwa ruwan bokiti ma yana iya kashe shi, ba sai kogin Binuwai ba, kuma ba za a ji kukansa ba.

Kafin ki fita, rufe rijiya, juye ruwan wanki, kashe garwashi, ɗauke ashana da magani. A Garwa zafin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40. Yaro mai ƙishi yakan ɗaga kwalbar lemo ya sha, alhali kananzir ne a ciki. Ki ajiye masa ruwan sha a inda hannunsa zai kai, kananzir kuma a sama.

In ya riga ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin kananzir na iya shiga huhu. A kawo shi asibiti nan take. Ki koya wa babban yaro wannan, da lambar 'yan kwana-kwana, 118.