SANKARAR NONO DA TA MAHAIFA: UMARNI DAGA CIKIN JIKI

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka sankara, wato ciwon daji, daga waje take afka wa mutum. To amma masana sun gano cewa a nono da mahaifa sau da yawa jikin macen ne da kansa ke ciyar da cutar.

Ma'ajiyar ƙwan mace tana fitar da sinadarai biyu, istirojin da furojestaron, waɗanda ke tafiyar da al'ada da ɗaukar ciki. Tun a 1896 wani likita a Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, George Beatson, ya ba da rahoton cewa da ya cire wa wata mai sankarar nono ma'ajiyar ƙwanta, sai ƙarin ya lafa. Ba a fahimci dalili ba sai a 1958, lokacin da Elwood Jensen na Jami'ar Cikago a Amurka ya gano cewa a cikin ƙwayoyin halitta akwai wata makama da istirojin ke kamawa. Da zarar ya kama ta, sai ƙwayar ta karɓi umarni ta girma, ta rabu biyu, ta kuma sake irin furotin ɗin da ke lulluɓe da bayanta.

Wannan lulluɓi shi ne rigar ƙwayar, da shi take manne wa 'yan'uwanta. Ɗaya daga cikin furotin ɗinsa, mai suna MUC1, dogo ne mai santsi kamar yauƙi. Furojestaron yana ƙara yawansa a bangon mahaifa bayan ƙwai ya fito. A lafiyayyar ƙwaya gefe guda kawai yake rufewa. A ƙwayar sankara kuwa yakan yi yawa ya rufe ko'ina, har ta kasa riƙe maƙwabtanta, ta sulale ta bi jini zuwa wani sashe na jiki. Ɓurɓushinsa ne ake aunawa a gwajin jini na CA 15-3, don a ga ko magani na ci.

Amfanin wannan ilmi a gare mu shi ne, ba kowace sankarar nono ce ke jin magani iri ɗaya ba. Ana yanko ɗan tsoka daga ƙarin a duba ko yana da makamar istirojin. In yana da ita, akwai ƙwayar magani mai suna tamokzifen, wadda aka fara amfani da ita a Ingila a 1973, tana toshe makamar, ana sha shekara 5 zuwa 10. In babu makamar, shan ta ɓarnar kuɗi ce da lokaci.

Sai dai a kula. Maganin nan da ke toshe istirojin a nono, a mahaifa aikin istirojin yake yi, yana kaurara bangonta, wani lokaci har ya jawo sankara. Haka nan ƙiba mai yawa, domin kitse ma yana yin istirojin bayan al'ada ta ɗauke.

Saboda haka muna kira ga iyayenmu mata da 'yan'uwanmu: duk wadda ta ga jini bayan al'adarta ta ɗauke, ko ta ji ƙulli a nono, ta garzaya asibiti, kada kunya ta hana ta. Magidanta kuma mu ba da izini da kuɗin mota. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.