Rarraba Faifan Ajiya na Kwamfuta

Faifan ajiya kamar gona yake, sai an ja iyaka kafin a yi shuka. Iyakokin nan ana rubuta su cikin wani ɗan jadawali a farkon faifan. Tsohon tsari, watau MBR na 1983, manyan kashi huɗu kurum yake ɗauka. GPT kuwa yakan kai 128, kana ya ajiye kwafin jadawalin a ƙarshen faifan. Wuyar al'amarin tana ga harshe. Windows da NTFS take rubutu, Linux da ext4, Mac da APFS, ita Windows kuwa ba ta jin biyun nan sai da tafinta. Kashin da za su yi tarayya a kansa, gara a tsara shi da exFAT, amma lalle a kwashe kaya tukuna, domin tsarawa tana share abin da ke ciki.